Darasi na 12: Gane Kifin Jakunda da Kiwonsa a Tankin Gilashi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin inda jakunda ya fito da dangantakarsa da karfasa;
2. rarrabe manyan rukunoninsa ta hanyar duban jiki;
3. lissafa yawan ruwan tanki da girman da ya dace da kowane rukuni;
4. bayyana irin ruwa, abinci da abokan zaman da kifin yake bukata.

Gabatarwa

Yawancinmu mun san kiwon kifi don ci ko don sayarwa: a gina tafkin siminti, a zuba 'ya'yan tarwaɗa, bayan 'yan watanni a kwashe a kai kasuwa. Akwai kuma wani kiwon na daban, inda ake ajiye kifi a tankin gilashi cikin ɗaki don kallo da nazarin halayensa. A wannan darasi za mu ɗauki kifi guda mai wuyar sha'ani, domin duk wanda ya iya da shi, sauran kifayen ado ba za su gagare shi ba.

Masuntan Barazil suna kiransa jakunda. Masana kimiyya sun sa masa suna Crenicichla, a takardun 'yan kasuwa kuma za ku ga an rubuta pike cichlid. Babu shi a kogunanmu, sai dai a shigo da shi. Abin da ya sa ake yawan yin asararsa abu ɗaya ne: mutum yakan saya bai san wane iri ya saya ba. Akwai jakundan da iyakar girmansa tsawon ɗan yatsa, akwai kuma wanda zai kai tsawon zira'i, alhali suna ƙanana duk kusan kamarsu ɗaya. Saboda haka darasin zai fara da ganewa, sannan kiwo ya biyo baya.

Asalinsa da danginsa

Jakunda ɗan Kudancin Amurka ne. Ana samunsa a gabashin tsaunukan Andes, tun daga tsibirin Tirinidad da kogin Orinoko na Benezuwela, ya mamaye Amazon da rassansa, ya gangara kogunan Parana da Yurugwai, har cikin ƙasar Ajantina. A ƙauyukan bakin Amazon kifin miya ne, da ƙugiya ake kama shi a ci. Wanda ake fitarwa da rai don ado yakan bi ta biranen Manaus da Belem a Barazil, ko Iquitos a ƙasar Peru, ko Bogota a Kolombiya.

Wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Johann Natterer ya shafe shekara 18 a Barazil, daga 1817 zuwa 1835, yana tattara tsuntsaye da kifaye yana aikawa gida. Daga cikin abin da ya tara ne wani masani mai suna Johann Jakob Heckel ya yi bayanin rukunin Crenicichla a 1840. Yau nau'o'in da aka sa wa suna sun haura 90, ga kuma wasu da ake sayarwa da sunan kogin da aka kamo su kawai, don masana ba su gama tantance su ba.

Jakunda da karfasar da muke ci dangi ɗaya ne, dangin da ake kira Cichlidae. Wanda ya kalli su biyun da farko ba zai yarda ba, don karfasa faffaɗa ce, shi kuwa dogo ne siriri. Amma alamomi 3 sun haɗa su. Na farko, ƙofar hanci ɗaya ce tak a kowane gefen fuska, alhali yawancin kifaye biyu-biyu suke da su. Na biyu, layin da ke gefen jiki, wanda kifi ke jin motsin ruwa da shi, a katse yake: rabi a sama daga kai zuwa bayan tsakiya, rabi a ƙasa kaɗan zuwa wutsiya. Na uku, fiffiken gadon baya guda ne dogo, gabansa ƙayoyi masu tsini, bayansa mai taushi. Haka kuma dukansu iyaye ne masu tsaron 'ya'yansu.

Siffarsa da yadda yake farauta

Jikin jakunda dogo ne mulmulalle kamar ƙaramar taɓarya. Bakinsa faffaɗa ne, muƙamuƙin ƙasa ya ɗan zarce na sama a mafi yawan nau'o'in. Baƙin ratsi yakan taso daga baki ya ratsa ido, a wasu ya zarce har wutsiya. A gindin wutsiya galibi akwai baƙin tabo mai zobe fari ko ruwan zinariya, mai kama da ido.

Ku tsaya gaban tanki ku lura da shi lokacin da yunwa ta kama shi. Zai maƙale ƙarƙashin itace, kai kawai ya leƙo, jiki bai motsi sai ƙananan fikafikan ƙirji da ke kaɗawa a hankali. Idanunsa ne ke aiki, suna juyawa suna bin duk abin da ya gifta. Idan abin ya matso, sai ya fito sannu a hankali, ya ɗan lanƙwashe jiki, sannan ya harba kansa gaba. Kafin ƙiftawar ido bakin ya buɗe ya zuƙe abin tare da ruwa, ya koma maɓoyarsa. Daga wannan kallo kaɗai mun fahimci abu biyu: kifi ne mai bukatar maɓoya, kuma duk abin da zai shiga bakinsa abinci ne a wurinsa.

Rukunoni 5 da ya kamata a sani

A 2023 wasu masana, cikinsu da Henrique Varella na Barazil da Sven Kullander na Suwidin, sun sake rarraba waɗannan kifaye, suka ba wasu rukunoni sababbin sunaye. Shi ya sa kifi ɗaya za a iya rubuta shi Crenicichla saxatilis a tsohon littafi, a sabo kuma Saxatilia saxatilis. Kalma ta farko ce ta rukuni, ta biyu kuma ta nau'i.

Rukuni na farko, wadanni, wato Wallaciia. Tsawonsu santimita 7 zuwa 12 ne kawai, idanunsu manya idan aka gwada da kansu. Sanannu a cikinsu su ne regani, da notophthalmus na kogin Negro, da compressiceps wanda ke zaune tsakanin duwatsu a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kogin Tokantins. Abincinsu a daji mafi yawa tsutsotsin ƙwari ne da ƙananan jatan lande.

Rukuni na biyu, matsakaita, wato Saxatilia. Suna kai santimita 15 zuwa 25. Babbar alamarsu baƙin tabo ne a kafaɗa, dab da bayan marfin numfashi. Ɓawon jikinsu manya ne, idan aka ƙirga daga kai zuwa wutsiya ba kasafai suke wuce 70 ba. Mazan suna da ɗige-ɗige masu ƙyalli a gefen jiki. A nan ake samun saxatilis da lepidota da sveni. Sun fi kowa juriya, su ne suka dace da mai koyo.

Rukuni na uku, ƙattai, wato Lugubria. Suna kai santimita 30 zuwa 40. Ɓawonsu ƙanana ne ƙwarai, sau da yawa sun haura 90 a jere, har jikin ya yi sumul a ido. 'Ya'yansu suna da dogayen ratsi a jiki da baƙaƙen ɗige-ɗige a kai, amma da sun girma sai kamannin su sauya gaba ɗaya. Cikinsu akwai lugubris, johanna, strigata, marmorata, da lenticulata wanda ɗige-ɗigen kansa ba sa gogewa ko ya girma. Akwai kuma wanda ake sayarwa da sunan Xingu I, daga kogin Shingu na Barazil: yana ƙarami launinsa ruwan goro ne mai ɗaukar ido, idan ya manyanta sai ya yi duhu.

Rukuni na huɗu, masu dunƙulallen kai, wato Batrachops, irin su reticulata da semifasciata. Kansu faffaɗa ne, bakin a dakushe, idanu suna can sama. Sun fi son kwanciya a ƙasa da tona rami ƙarƙashin dutse.

Rukuni na biyar, 'yan kudu, wato Lacustria, irin su vittata da missioneira da minuano, na kogunan Parana da Yurugwai. A ƙasashensu akwai lokacin sanyi na gaske kowace shekara, kuma jikinsu ya saba da shi. Zafi shekara cur yana gajiyar da su, don haka ba su dace da ɗakunan ƙasashe masu zafi irin namu ba.

A gaban mai sayarwa

Mu ɗauki misali. Kun shiga shago, ga kifaye biyu a tanki ɗaya, kowanne santimita 7, farashinsu ɗaya. Kada ku yi gaggawa. Ku durƙusa har idonku ya yi daidai da gilashin, ku duba wurare 5 bi da bi: kai, kafaɗa, ɓawo, fiffiken baya, wutsiya.

Na farko idonsa babba ne, kansa babu ɗige-ɗige, kafaɗarsa babu tabo, cikinsa ya ɗan yi ja, a fiffiken baya kuma akwai baƙin tabo mai farin zobe. Wannan macen wada ce wadda ta riga ta balaga, ba za ta ƙara wani girman kirki ba. Na biyu kansa cike da ɗige-ɗige jere-jere, dogayen ratsi sun bi jikinsa, ɓawonsa sai an ƙura ido kafin a gani. Wannan jaririn ƙato ne. Nan da shekara guda zai iya wuce santimita 20, kuma idan aka bar su tare, wata rana zai haɗiye ta farkon.

Bayan duba, sai tambaya. Ku ce wa mai shagon: "Malam, don Allah mene ne cikakken sunansa a takardar da aka kawo shi? Daga wane kogi yake? A tanki aka haife shi ko kamo shi aka yi? Me yake ci a nan wurinka?" Sannan ku roƙe shi ya ba kifin abinci a gabanku. Kifin da ya ƙi ci, ko cikinsa ya shafe, ko ya matse fikafikansa, ko yake haki, ku bar shi. Idan mai shago ya ce bai san sunan ba, ku ɗauki hoto daga gefe, ku je ku bincika, gobe ma rana ce.

Namiji da mace

A yawancin nau'o'in namiji ya fi girma, ƙarshen fikafikansa ya fi tsini. Mace ta fi gajarta da kauri, idan ta shirya yin ƙwai cikinta yakan yi ja ko ruwan hoda. Mata da yawa suna da farin layi kusa da bakin fiffiken baya, matan regani da notophthalmus kuma suna da tabo mai zobe a wurin. A compressiceps namijin ne ke da ratsi-ratsi a wutsiya. Waɗannan alamomi ba sa fitowa sai kifi ya tasa.

Tanki da lissafinsa

Ga yadda ake sanin yawan ruwan tanki: a auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita.

Wadanni, mace da namiji: 90 × 45 × 45 = 182,250. A raba da 1,000, kusan lita 182.
Matsakaita, mace da namiji: 150 × 50 × 50 = 375,000, wato lita 375.
Ƙato guda, ko mace da namiji da suka saba: 180 × 60 × 60 = 648,000, wato lita 648, kuma wannan shi ne mafi ƙanƙanta.

Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Ke nan babban tankin nan, in an haɗa gilashi da yashi da duwatsu, ya haura kilo 700. Teburin katako na ɗaki ba zai ɗauka ba, sai an ƙera masa mazauni na ƙarfe a kan daɓe mai ƙwari da ya daidaita. Cika shi kuma zai ci kimanin jarka 26 mai lita 25. Wanda ya yi wannan lissafi tun kafin saye ya hutar da kansa, don da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Faɗin ƙasan tanki ya fi zurfinsa muhimmanci, saboda jakunda a ƙasa yake kafa iyakarsa. A shimfiɗa yashi mai laushi da aka wanke sarai. A sa maɓoya da yawa, fiye da adadin kifayen: fasasshiyar tukunyar ƙasa marar fenti, guntayen bututun roba na famfo da faɗinsu zai ɗauki kifin, busasshen itace mai tauri da aka jiƙa har ya daina tashi sama. A jera su yadda kifi ɗaya ba zai hango ɗan'uwansa daga wannan bango zuwa wancan ba. A ɗora duwatsu a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi ya tona ƙarƙashinsu su rufta masa. Daga ƙarshe a rufe tanki da murfi mai nauyi, babu kafa ko kaɗan. Jakunda gwanin tsalle ne, ƙaramar ɓula ta ishe shi fita.

Ruwa

Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna fitar da guba mai suna amoniya. A cikin matatar ruwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ido ba ya gani, su ne ke juya amoniya zuwa naitarayit, wadda ita ma guba ce. Wasu kuma su juya naitarayit zuwa naitaret, mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabuwar matata. Don haka ba a sa jakunda a sabon tanki. A kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, ana aunawa da kayan gwajin ruwa, har sai amoniya da naitarayit sun koma sifili. Sannan kifi ya shiga.

Naitaret kuwa ba ta fita sai da canjin ruwa. Kowane mako a zuƙe kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, tare da dattin ƙasa, a zuba sabo. A tankin lita 648, kashi 25 cikin 100 lita 162 ke nan, kusan jarka 7 duk mako. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin matata, sai an sa masa maganin kashe kulorin kafin a zuba. Soson matata kuma a wanke shi cikin ruwan da aka zuƙo daga tanki. Sabulu ko omo kada su kusanci komai na tankin.

A nan ma sanin nau'i yana da amfani. Ma'aunin tsamin ruwa ana kiransa pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami. Kogin Negro, wanda ya haɗu da Amazon a Manaus, ruwansa baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, pH ɗinsa yana wajen 5 ko ƙasa da haka, kuma kusan babu ma'adinai a cikinsa. Kifayen da suka fito daga can, irin su notophthalmus da lenticulata, suna son ruwa mai laushi da ɗan tsami, pH 5.5 zuwa 6.5. Matsakaita kuwa suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 7.5. Ruwan rijiya da na burtsatse ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, wani yana da ma'adinai da yawa. Ku auna naku tukuna, sannan ku zaɓi kifin da zai iya da shi. Hakan ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin sauya ruwa da magunguna kullum.

Zafi, hunturu da ɗauke wuta

Jakundan Amazon yana son ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Selsiyos. Mai kiwonsa a Kano ko Sakkwato ko Maradi yana da yaƙi biyu. A bazara ɗaki yakan yi zafi har ruwa ya wuce digiri 30, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. A ajiye tanki nesa da taga, a ƙara ƙarfin injin da ke hura iska cikin ruwa, a rage abinci, a maye murfin da na raga mai ƙananan idanu, a sa fanka ta riƙa busa saman ruwa ta cikinsa. A hunturu kuma dare yakan yi sanyi, sai an sa hita mai kashe kanta idan zafi ya kai. A manna ma'aunin zafi a tanki, a duba safe da yamma.

Idan aka ɗauke wuta, matata ta tsaya, iska ta ragu, ƙwayoyin nan masu amfani su fara wahala. Ƙaramin injin iska mai batir, ko mai aiki da sola, wajibi ne ga mai wannan kiwo. Muddin wuta ba ta dawo ba, kada a ba kifi abinci. Babban jakunda mai lafiya zai yi kwanaki bai ci ba ba tare da wata illa ba, amma gurɓataccen ruwa yana iya kashe shi a dare ɗaya.

Abinci

Jakunda maci nama ne, sai dai ba kowane nama ba. A ba shi tana, gyare, fara, jatan lande, da yankakkiyar tsokar kifi. Ƙwarin su fito daga inda ba a yi feshin magani ba. Wadanni a ba su ƙananan tsutsotsi da 'ya'yan sauro na cikin ruwa. Tun yana ƙarami a koya masa cin abincin kifi na kanti mai ƙwaya-ƙwaya wanda aka yi don maciya nama, domin yana ɗauke da bitamin da nama zalla ba ya bayarwa. Idan ya ƙi, a bar shi da yunwa kwana 2 ko 3, sannan a sake gwadawa.

Naman shanu da na kaza da kitse ba su dace da cikinsa ba, suna tara masa kitse a hanta. Jefa masa ƙananan kifaye masu rai kuma hanya ce ta shigo da cuta, ga shi idan ya saba da su sai ya ƙi komai. Ƙanana a ciyar da su sau 2 ko 3 a rana, manya sau 1 a rana ko bayan kwana biyu. Abin da bai cinye cikin 'yan mintuna ba, a kwashe.

Abokan zama

Siririn kifin da bai wuce rabin tsawon jakunda ba, bakinsa zai iya ɗauka. Abokan da suka dace su ne masu faɗin jiki da sanyin hali daga yankinsu, kamar Geophagus da Heros da Metynnis. Tarwaɗa ba ta dace ba, don tana saurin girma kuma tana farauta da dare. Karfasa ma za ta cika tanki da 'ya'ya da faɗa.

Babban abokin gabar jakunda shi ne ɗan'uwansa. Maza biyu a tanki ɗaya, ƙarshenta ɗaya zai mutu. Ko mace da namiji ba a haɗa su da ƙarfi. Hanyar da ta fi ita ce a reni ƙanana 5 ko 6 tare, idan biyu suka ware suna yawo tare suna korar sauran, a kwashe sauran. Duk da haka a tanadi raga mai raba tanki biyu, da ƙofar da mace za ta iya wucewa amma namiji ba zai iya ba.

Haihuwa

Karfasar kogin Nil a baki take rainon ƙwanta. Jakunda kuwa a kogo yake yi. Idan lokaci ya yi, mace takan zo gaban namiji ta lanƙwashe jiki, ta turo jan cikinta tana karkarwa. Daga nan su share kogo, ta manna ƙwai a rufinsa ko bangonsa. Matsakaita suna yin ɗaruruwa a zubi ɗaya. Ita ke zama ciki tana yi wa ƙwan fifita da fikafikanta, shi kuma yana gadin waje. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 4, bayan kimanin mako guda kuma 'ya'yan su fara iyo a dunƙule tsakanin iyayensu. Abincinsu na farko jariran Artemia ne, wasu ƙananan halittun ruwa da ake ƙyanƙyasawa daga busasshen ƙwai a ruwan gishiri. Girman 'ya'yan ba ya tafiya daidai, kuma manyan suna cin ƙanana, don haka a riƙa ware su gwargwadon girma.

Lafiya da amana

Sabon kifi a keɓe shi a wani tanki na mako 3 zuwa 4 kafin ya shiga cikin sauran. Fararen ɗige-ɗige ƙanana a jiki da goga jiki a dutse alamar ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa, wadda ke yawan tasowa bayan sanyi ya bugi kifi. Ƙattai kuma suna fama da ciwon da ke ɓula ƙananan ramuka a kai, wanda ke tafiya tare da ƙazamin ruwa da rashin abinci mai kyau. Rigakafi ya fi magani: yawancin ciwon jakunda daga ruwa yake farawa.

Abu na ƙarshe, kada a taɓa sakin wannan kifi a kogi ko dam ko kududdufi. Muna da darasi a giwan ruwa. A kogunanmu ɗan gida ne, amma da aka kai shi tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, ya yawaita a shekarun 1980, kuma yana cikin manyan dalilan da suka sa kimanin nau'i 200 na ƙananan dangin karfasa suka ɓace daga tafkin. Baƙon maharbi a ruwan da bai san shi ba ɓarna yake yi. Wanda kifinsa ya fi ƙarfinsa, ya mayar wa mai shago ko ya ba wani mai babban tanki.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi 3 da suka nuna jakunda da karfasa dangi ɗaya ne.
2. Ta yaya za a bambanta balagaggen wada da jaririn ƙato?
3. Wane rukuni ne ke da baƙin tabo a kafaɗa, kuma me ya sa ya dace da mai koyo?
4. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, lita nawa yake ci? Idan za a canza kashi 25 cikin 100, jarka nawa mai lita 25 ake bukata?
5. Me ya sa ba a sa kifi a sabon tanki sai bayan makonni?
6. Me ya kamata a yi idan aka ɗauke wuta na tsawon lokaci?

Aikin gida

Ku sayi karfasa ɗanya guda a kasuwa. Ku nemo ƙofar hancinta, ku bi layin gefen jikinta da yatsa har inda ya katse, ku ƙirga ƙayoyin fiffiken bayanta, sannan ku ƙirga ɓawo daga kai zuwa wutsiya. Ku rubuta abin da kuka samu ku kawo aji. Wanda hannunsa ya saba da wannan, idonsa ba zai ruɗe a gaban tankin mai sayarwa ba.

Jan hankali

'Yan'uwa ɗalibai, babban jakunda yana iya kai shekara 10 a hannun mai kula, kuma duk tsawon wannan lokaci ba shi da ruwa ko abinci ko iska sai abin da kuka ba shi. Dabbar da mutum ya tsare, haƙƙinta yana wuyansa. Ku san sunan kifi, ku auna ruwanku, ku yi lissafin tanki da jarka da wuta. Idan lissafin ya fita, ku fara da matsakaici ko wada. Idan bai fita ba, ku haƙura har Allah ya hore.